Gwaggo, Wadda Muka Ci Hatsin Muryarta

Gwaggo ta rasu wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar noman farko. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ƙanwar mahaifina ce, autar ɗakinsu, ta kuma daɗe a duniya har ta goyi jikokin waɗanda ta goya.

Mu mata muna cikin gida a kan tabarmi, 'yan gaisuwa suna ta shigowa, kowace da abin da ta riƙe. Wata ta ce Gwaggo ce ta koya mata Fatiha bayan ta yi haihuwa uku, ba ta kuma taɓa yi mata dariya ba. Wata ta ce ita ta yi mata wankan jego lokacin da ba ta da kowa a garin. Sai wata maƙwabciya ta ce, "Baiwar Allah, ba ta da hayaniya. Shekara da shekaru ban taɓa jin muryarta ta tsallake danga ba." Da ta faɗi haka na ga Inna, mahaifiyata, ta sunkuyar da kai tana jan carbi da sauri kamar ana korar ta.

Washegari wata tsohuwa ta zo daga Zakirai, ƙatuwa, tana dogara sanda. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Wayyo mai muryar sama! Kin tafi kin bar ni ni kaɗai a ƙasa!"

Yaran mata suka hau kallon juna, ba su san ta ba. Mu manya da muka san ta, kowa ta zuba wa tabarma ido. Wata daga cikin iyayenmu ta ce mata, "Hajiya, addu'a ake yi wa mamaci."

Tsohuwar ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Au, har yanzu kunyarta kuke ji? Ta fa mutu."

Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A wajen maza ma an yi abin da ya tsaya wa mutane a rai. Mahaifina, Baba Malam, shi ne limamin ƙauyenmu tun rasuwar kakanmu, kuma duk da tsufa shi yake sallatar gawa. Da aka jera sahu ya matsa gaba, ya tsaya, sannan ya ja da baya ya tura na'ibinsa. Mutane suka ɗauka jiri ne. Ƙanena da yake riƙe da hannunsa ya ji abin da ya ce a hankali: "Ba ni da fuskar tsayawa a kanta."

'Ya'yanmu sun yi ta tambaya, wace ce tsohuwar nan, me kuma ya sami Malam. Mun ɓoye maganar har ta kusa ɓacewa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin mu ma mu bi Gwaggo.

Gwaggo 'yar siririya ce, mai saurin tafiya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Tana hira da awakinta kamar mutane, tana yi musu faɗa in sun ci wake. Kullum akwai ƙanzo a ƙullin zaninta saboda yara. An ce tun tana ƙarama in tana tilawa mata sukan dakata da daka su saurara, har kakanmu Liman yakan ce da namiji ce da ya ba ta ladanci.

Mijinta mutumin wata unguwa ce kusa da mu, tafiyar da ba ta gajiyar da yaro. A lokacin babban fari na farko ya yi aikin kuku wajen wani Bature mai haƙa rijiyar burtsatse, mutumin ƙasar Suwidin. In kewar gida ta kama Baturen sai ya zauna a inuwar motarsa ya sa kaset ɗin wasu mawaƙan ƙasarsu, ya riƙa ba kukunsa labarinsu da gurguwar Hausa. Da zai koma ya bar masa rikodar da kaset ɗin. Da ita mijin Gwaggo ya koyi kwance rediyo da ɗaurawa, har ya kafa teburin gyara a kasuwar Bici.

Shi ya kawo labarin gida, amma a bakin Gwaggo ya zauna. Muna 'yan mata mukan je taya ta ɓarar gyaɗa, sai ta jingina kwalin kaset ɗin da bango. Hoton mutum huɗu ne a jiki, maza biyu, mata biyu, ɗaya mai farin gashi, ɗaya mai jan gashi. Takan ba mu labarinsu kamar a bayan gidanmu aka yi.

"Kun ga mazan nan," in ji ta, "kowa da ƙungiyarsa yake, suna yawon waƙa gari gari, sai hanya ta haɗa su. Wannan ya ji kiɗan wancan, wancan ya ji baitin wannan, suka ce mu gwada tare. Can wannan ya ga yarinya mai waƙa ya ce yana so. Abokin ma ya ga tasa. Suka tafi shan iska bakin ruwa su huɗu, matan suka fara rerawa da wasa, sai mazan suka yi tsit. Ashe muryoyin nan biyu kamar ƙwarya da faifai ne."

Mu ce, "Shi ke nan sai suka yi suna?"

"Ina! Ranar da suka fara fitowa gaban jama'a, ko tafin kirki ba su samu ba. Suka shiga gasar ƙasarsu aka kayar da su. Mutanen garinsu har cewa suke sun bar harshen iyayensu suna waƙa da Turancin wasu. Ba su yi zuciya ba. Da shekara ta kewayo suka koma, suka ci. Aka tura su gasar ƙasashen Turawa duka, nan ma suka ci. Daga nan fa ba a tambaya. Ga su yau a ɗakina ina ɓarar gyaɗa."

Ba ta jin kalma ɗaya ta abin da suke faɗa. Abin da ya kama ta shi ne matan ba sa yin amshi irin namu, ɗaya ta bayar ɗaya ta karɓa. Tare suke tafiya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba kuma mai taka wata. Takan ɗaga yatsa ta ce, "Ku ji nan, ku ji nan! Mai jan gashin ce a ƙasa take tallafe da 'yar'uwarta."

Sai shekarar wuya ta zo. Gero ya yi ciki, ruwa ya ɗauke. Hadari yakan haɗu baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Ƙasarmu kuwa ba daji, gona tana jingine da gona, ba inda za ka shiga ka samo abin kai wa baki. A birni ma ana ta maganar tsuke bakin aljihu, kaya sun ɓace a kasuwa. Gidanmu gidan malamai ne, rabin cinmu daga abin da manoma suke kawowa da kaka yake, a shekarar kuwa ba wanda ya yi kakar. Muka koma garin rogo da tafasa. Daga baya har dusa muka tankaɗe. Ƙannena ƙanana suka daina wasa, sai su zauna jikin bango suna bin mutum da ido. Wajen mijin Gwaggo ma ba sauƙi, wanda bai ci ba ba ya kai rediyo gyara.

A lokacin ne wani abokinsa mai kaɗa gurmi ya zo daga Zakirai da matarsa, suka sauka a gidansu suna neman inda za su sa kai. Matar ita ce tsohuwar da ta zo gaisuwa. Su gadon gidansu ne kiɗa da waƙa, ba abin kunya ba ne a wurinsu. Wata rana matan biyu suna daka, baƙuwar ta ja waƙa, sai Gwaggo ta ce, "Kada ki jira in amsa. Ki tsaya a ƙasa, ni zan hau, mu tafi tare irin na matan kaset." Suka gwada. Mai gurmi da yake zaure ya aiko a ce su sake.

Mijin Gwaggo ne ya kawo shawarar a ɗauka a kaset. Ba fita, ba taro, ba mai ganin fuskar kowa. Gwaggo ta yi ta jan ƙafa, ta ce ita 'yar Liman ce. Abin da ya karya ta, ta zo gidanmu ta tarar da autanmu yana lasar murfin tukunya wadda ba a dafa komai a ciki ba.

Suka toshe taga da tsumma, suka kori awaki nesa, suka ɗauka da rana tsaka lokacin da unguwa take shiru. Da mijin ya sa kaset na farko a teburinsa na kasuwa, mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Waɗannan waƙa suke ko cacar baki? Ɗaya ta bari ɗaya ta gama mana!" Mijin ya komo jiki a sanyaye. Gwaggo ta ce, "To ai su ma an yi musu dariya. Sayo batir."

Waƙar da ta ɗaga su Gwaggo ce ta tsara ta. Da hadari take magana, tana tambayarsa: ka taso ka wuce mu, wa ka fi so a yamma, me muka yi maka da ba ka sauka ka sha ruwa a gidanmu ba. Wani direban babbar mota ya ji ya saya. Daga shi sai masu buga kaset a Kano suka samu suka yi ta bugawa. Kafin a ce haka ba tashar da ba a jin ta, ba teburin mai shayin da ba a sa ta, har gidan rediyo suka riƙa sakawa a filin gaishe-gaishe. An ce manyan maza sukan yi shiru in ta zo wajen tambayar nan. Tun da ba a san masu ita ba, aka sa musu Matan Bayan Labule. Wasu suka ce 'yan Nijar ne, wasu suka rantse a Fagge suke.

Masu bugawa su suka kwashi romon, amma abin da ya iso hannun mutum huɗun nan ya isa sayen hatsi. Mijin Gwaggo ya fara zuwa gidanmu da buhu a bayan keke, ya ce gyara ne ya yi albarka. Baba Malam ya sa masa albarka. Muka ci tuwon dawa, yara suka koma wasa. Inna ta sani, don mace ba ta ɓoye wa mace irin wannan. Ni ma na ji waƙar a rediyon maƙwabta, na shaida muryar, na yi kamar ban gane ba.

Ranar wata kasuwar Bici, Baba Malam ya je sayar da tunkiya. Wata mota tana lodi, waƙar tana tashi daga ciki. Waɗanda suke tare da shi sun ce ya tsaya cak da igiya a hannu har ta ƙare. Wani ɗan kamasho ya ce, "Kai, yau har Malam ta kama!" aka yi dariya. Bai sayar da tunkiyar ba. Ya komo ya aika a kira Gwaggo.

Ta zo ta durƙusa a tsakar gida. Bai ce ta shiga ɗaki ba.

Ya ce, "Auta, muryar da mahaifinmu ya ɗora ki a kan Alƙur'ani da ita, ita kika kai tasha 'yan kamasho suna rausaya?"

Ta ce, "Yaya Malam, yunwa ba ta san gidan liman ba."

"Gara mu mutu da mutuncinmu."

Ban taɓa jin Gwaggo ta mayar masa da magana ba sai ranar. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Kai ka zaɓa wa kanka, Yaya. Yaran nan wa ya tambaye su?"

Ya miƙe tsaye. Ya ce a fitar masa da buhun nan daga gida, kada kuma ta sake tako masa ƙofa. Aka ja buhun zuwa zaure. Ta tashi ta karkaɗe gwiwa ta tafi, ba ta yi kuka ba sai da ta wuce masallaci.

Buhun ya yi kwanaki a zaure, muna wuce shi kamar ba mu gan shi ba. Da abin ya kai intaha, Inna ta fita da rana, Baba Malam yana zaune a kan buzunsa, ta kama kunnen buhun ta ja shi ciki a gabansa. Bai ɗago daga littafinsa ba. Da aka kai masa tuwo ya ci. Daga baya buhunan suka ci gaba da zuwa ta hannun maƙwabta, ana karɓa ba a tambayar daga ina. Haka muka fita shekarar ba mu binne yaro ko ɗaya ba, alhali gidaje da yawa sun binne.

Amma dangar kara ba ta riƙe magana. Faɗan da aka yi a tsakar gida ya isa ko'ina kafin magariba. Ashe matar bayan labule 'yar Liman ce! In na je rijiya sai 'yan mata su fara gunguna waƙar ƙasa ƙasa. Na daina fita.

A lokacin an riga an kawo goron aurena. Yaron ɗan wani gidan malamai ne a ƙauyen gaba, ina son sa, shi ma haka. Sai suka aiko cewa sun fasa, ba sa haɗa jini da maroƙa. Na shige ɗaki na kwanta, abinci ma sai an yi da gaske.

Gwaggo ta ji. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta yafa mayafi ta tafi can a ƙasa, da wata maƙwabciyarta da ta ba mu labari daga baya. Uwar yaron ba ta ba ta tabarma ba. Ta bar ta tsaye a rana, ta kira matan gida suka kewaye ta, ta ce, "Yau ga mu ga mai waƙa. To ɗan rera mana ta hadarin nan mu ji, ko sai an yi miki liƙi?" Suka yi ta shewa.

Gwaggo ta durƙusa a gaban matar da ta girme wa. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta san komai ba. Laifina ne ni kaɗai. Na rantse da wanda raina yake hannunsa, in dai waƙa ce, bakina ya rufu daga yau. Ku dubi Allah ku bar yaran nan su yi aurensu."

Matar ta ce, "Tuwon da ta ci fa, za ta amayar ne?"

Ba su janye ba. Yaron ya auri wata kafin shekara. Amma Gwaggo ta riƙe rantsuwarta. A daidai lokacin kuwa wani mutum ya zo daga Kano da mota, yana neman su huɗun, zai kai su a ɗauke su da injin kirki, har yana maganar talabijin. Mijinta ya roƙe ta. Matar mai gurmi ta yi faɗa har da kuka, ta ce, "Kin rantse don a yi aure, ba a yi ba, rantsuwar me ta rage? Ga ƙofar da Turawanki suka shiga ta buɗe mana, ke ce za ki rufe?" Gwaggo ta ce ita ba da matar can ta yi alkawari ba. Mai gurmi ya kwashi matarsa suka koma Zakirai cikin fushi. Sun gwada da wata, abin bai tashi ba.

Damina ta dawo, rumbuna suka cika, waƙar hadari ta tsufa aka manta da ita. Ni na auri wani malamin firamare, mutumin kirki, wanda bai taɓa tayar mini da zancen ba. Gwaggo ce ta sayar da akuyarta ta yi mini kwanukan jere, amma ranar kai amarya ba ta zo ba, wai kada a gan ta a tuna. Baba Malam ya janye hanin da ya yi mata ba tare da ya furta ba. Takan zo gaishe shi da Sallah, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce, "Auta, kuna lafiya?" ta ce, "Lafiya lau, Yaya Malam." Iyakarta ke nan, shekara da shekaru. Ba wanda ya taɓa ce mata an gode. Mu duka mun ɗauka shirun da muke yi rufa mata asiri ne.

Ko waƙar niƙa ba ta ƙara yi ba. In tana rarrashin jariri sai ta jijjiga shi tana karanta Ƙulhuwallahu. In ana kiɗan ƙwarya a gidan biki, ita tana can bayan gida wajen wanke-wanke. Bayan rasuwar mijinta ta ba da rikodar, ta buɗe karatun matan aure a ɗakinta, a haka 'yan baya suka san ta.

Zuwana na ƙarshe wajenta, kafin ciwo ya kwantar da ita, na je da 'yata wadda take karatu a Kano. Hira ta kawo hira, na ce wa yarinyar ta nemo mana mawaƙan nan na Suwidin a waya. Ta nemo, ta miƙa wa Gwaggo.

Gwaggo ba ta taɓa ganin su suna motsi ba. Ta ga matan da matsattsun kaya masu ƙyalli da takalma masu tsini suna juyi gaban dubban mutane. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana leƙe ta gefe. Ta ce, "La'ilaha! Ashe haka suke fita? Su ba su da yaya ne?" Muka yi dariya har da hawaye, ita ma ta rufe baki da bayan hannu.

Ta tambaya ko suna nan. 'Yata ta duba ta ce sun tsufa, auren ma duk ya rabu tun tuni. Can Gwaggo ta ce a saki labulen ƙofa, a rage ƙara, a sake sa mata. Da matan suka haɗa murya na ga leɓenta yana motsi ba sauti, yatsanta yana buga tabarma daidai da kiɗan. Sai aka ji takun wani a waje. Wuf ta janye hannun ta cusa a cikin zani, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Tsohuwa mai furfura, a cikin ɗakinta.

Na ce, "Gwaggo, akuya ce. Ba kowa sai mu. Don Allah ki ɗan rera mana, ko baiti ɗaya, yarinyar nan ta ji."

Ta dubi 'yata ta daɗe, ta kama haɓarta tana murmushi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke ba ki da hankali? Yarinyar nan ba ta yi aure ba tukuna."

Allah ka yafe wa Gwaggo, ka yalwata mata kabari, ka shayar da ita daga ruwan da ba ya ɗaukewa. Mu kuma da muka ci muka yi shiru, ka sa ta yafe mana.